Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsara Wuri da Ƙawata Shi a Fim Mai Ƙaramin Jari

Matasan da ke haɗa gajerun finafinai da wasanni masu dogon zango a Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yauri da Zuru, waɗanda akasarinsu a YouTube suke sakin aikinsu, sukan yi mini tambayoyi iri ɗaya a kan tsara wurin ɗaukar fim, musamman idan aljihu bai da nauyi. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su gwargwadon abin da na koya a lokeshan da kuma abin da aka sani a wannan sana'a a wasu ƙasashe.

Mene ne bambanci tsakanin mai tsara yanayin fim da mai ƙawata wuri?

Mai tsara yanayin fim shi ne wanda ke zama da darakta da mai ɗaukar hoto tun kafin a kunna kyamara, su yanke shawara a kan kamannin fim ɗin gaba ɗaya: a wane irin gida labarin zai gudana, wane launi zai rinjaya, a wane zamani ake, kuma me ya kamata ido ya fara gani a kowace fitowa. Mai ƙawata wuri kuwa shi ke ɗaukar wannan shawara ya mayar da ita kujera da labule da tabarma da randa. Akwai mutum na uku, wato mai kula da kayan hannu, wanda ke riƙe duk abin da ɗan wasa zai taɓa, kamar wasiƙa, carbi, waya ko kofin shayi.

Matsayin mai tsara yanayi ya samu sunansa ne a Amurka, lokacin da furodusa David O. Selznick ya ba William Cameron Menzies wannan laƙabi a fim ɗin Gone with the Wind na 1939, saboda ya zana kamannin fitowa da dama a takarda kafin a ɗauke su. A wurinmu, mutum ɗaya ne yakan ɗauki duka ayyukan uku, wani lokaci ma shi ne mai kula da suturar 'yan wasa. Hakan ba laifi ba ne, muddin ya raba jerin kayan gida da jerin kayan hannu a littafinsa, domin idan suka cakuɗe, ranar ɗauka za a tarar an kawo gado an manta da wasiƙar da labarin ya rataya a kanta.

Kuɗinmu kaɗan ne. Ba gara mu zuba shi a hayar kyamara da sallamar jarumai ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsata ita ce a'a. A zamanin kaset, tun daga fim ɗin Turmin Danya da ya fito a Kano a 1990, hoton bidiyo yana da dishi-dishi, don haka yana rufa wa masu fim asiri. Dattin bango da wayar lantarkin da ke lilo da kalandar da ta saɓa wa shekarar labari duk sukan ɓace a cikin hoton. Yau kuwa wayar hannu ma tana ɗaukar hoto mai tsabta ƙwarai, kuma duk yadda kyamara ta ƙara kyau, haka take ƙara tona abin da aka yi sakaci da shi. Wanda ya yi hayar babbar kyamara ya kafa ta gaban farin bango da kujerar roba, abin da ya saya da kuɗinsa shi ne hoton farin bango da kujerar roba mai matuƙar tsabta.

A aikina nakan nemi a ware mini kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗin fim, kuma mafi yawansa ba a sayen kaya yake tafiya ba. Yana tafiya ne a kuɗin a-kori-kura ko keke mai ƙafa uku da zai yi dakon kayan aro, da fenti, da ƙusa, da ladan kafinta, da ɗan abin da ake ba masu gida na goro.

Daga ina ake fara aikin?

Daga rubutaccen labari. A karanta shi sau biyu, na farko don jin daɗi, na biyu da biro a hannu, ana ja wa kowane wuri da kowane abu da aka ambata layi. Sannan a buɗe shafi ga kowane ɗaki, a amsa waɗansu tambayoyi da marubucin bai rubuta ba amma dole mai tsara wuri ya san amsarsu. Wane ne ke kwana a ɗakin nan, shekara nawa ya yi a cikinsa, me yake yi da safe, me ya gada, me ya saya da guminsa, kuma me ya taɓa mallaka ya sayar saboda matsi? Ɗakin malamin firamare da ya yi ritaya yana jiran fansho ba zai yi kama da ɗakin dillalin albasa na Aliero ba, ko da kuɗin hayarsu ɗaya ne. Na farko zai kasance da tsohuwar rediyo da tarin takardu a cikin leda da hoton yaye ɗalibai da rana ta cinye launinsa, na biyu kuwa da buhuna a lungu da littafin bashi da wayoyi biyu a caji.

Bayan haka a zauna da darakta a ji inda zai kafa kyamara. Kusurwar da kyamara ba za ta kalla ba, ba ta buƙatar ko tsinke.

Masu kallo sun saba ganin manyan faluka a finafinai. Idan ba mu nuna irinsu ba, ba za a raina aikinmu ba?

A nan ne nake ganin yawancinmu muke yin asara. Falon nan mai kujeru masu ruwan zinare da doguwar fitila mai lilo da talabijin mai cika bango, masu fim na Kano da Kaduna da Abuja suna samunsa cikin sauƙi domin gidajen suna kusa da su, kuma akwai waɗanda ma suke bayar da su haya don wannan aiki. Matashin da ke Birnin Kebbi idan ya ce zai yi gasa da su a wannan fage, zai ƙare da falon da bai kai nasu ba, mai kallo kuma da kallo ɗaya zai gane kwaikwayo ne. Bugu da ƙari, irin waɗannan faluka sun yi yawa har sun daina faɗin komai a kan mutanen da ke zaune a cikinsu. A fim ɗin yau gidan alhaji ne, a na gobe gidan likita, a na jibi gidan ɗan siyasa, kuma ko matashin kujera ba a sauya ba.

Abin da muke da shi, wanda su kuma sai sun sha tafiya kafin su samu, shi ne fadamar shinkafa da ke shimfiɗe gefen Gulbin Rima, da bakin ruwan Matan Fada, da jiragen katako na Yauri a kan Kogin Neja, da duwatsun ƙasar Zuru, da tsofaffin unguwannin Gwandu da Argungu inda har yanzu akwai zaure na ƙasa mai rufin azara. Maƙwabtanmu na Zamfara suna da dutsen Kwatarkwashi da madatsar ruwan Bakolori da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda. Zaure ɗaya mai daɓe, da buzu a shimfiɗe, da shantali a gefe, da hasken hantsi yana shigowa ta ƙofa, ya fi falo goma kyau a idon kyamara, domin bangon ƙasa yana shanye haske ya mayar da shi a tausashe, kuma launinsa yana karɓar fatar mutanenmu.

Ba ina nufin kowane fim ya koma labarin ƙauye ba ne. Idan labari na ma'aikacin banki ne da ke zaune a rukunin gidajen Gesse, to a nuna gidansa yadda gidan irin wannan mutum yake a Birnin Kebbi: tayil a ƙasa, fanka mai caji saboda ɗauke wuta, labule mai kauri saboda zafin bazara, kular ruwan sanyi a gefen kujera. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki mutumin da albashinsa bai wuce na matsakaicin ma'aikaci ba a zaunar da shi a gidan da ko kwamishina sai ya yi tunani kafin ya gina.

Wanne ya fi sauƙi, gina ɗaki na wucin gadi ko aron gidan mutane?

Ga mai ƙaramin jari, aro ya fi sauƙi a mafi yawan lokuta. A 1995 wasu daraktoci biyu na ƙasar Denmak, Lars von Trier da Thomas Vinterberg, sun kafa wa kansu dokoki da aka sani da Dogme 95, kuma ta farko a cikinsu ita ce a yi ɗauka a wuri na gaske, kada a shigo da kayan ƙawa daga waje. Idan labari yana buƙatar wani abu, a nemi wurin da abin yake. Su sun zaɓi hakan ne da gangan, mu kuwa hali ne ya kai mu, amma dabarar ɗaya ce: a sha wahalar neman wurin da ya riga ya yi kama da abin da ake so, sai aikin ya zama na ragewa da gyarawa kawai.

Gini yana da amfani a wuri biyu. Na farko shi ne wasa mai dogon zango da za a riƙa komawa ɗaki ɗaya wata da watanni, domin babu mai gidan da zai jure wannan zirga-zirga. Na biyu shi ne wurin da ba a samun izinin shiga, kamar ɗakin tsare masu laifi ko kotu. A irin wannan hali kafinta zai haɗa bango da falankin filawud mai ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, ya kafa masa katako ta baya, a tokare shi da buhun yashi. Bango uku sun isa ɗaki, na huɗun kyamara ce ke tsaye a wurinsa. A toshe mahaɗar falankan, a shafa fenti da aka cuɗa da ɗan yashi mai laushi don ya yi kama da filasta, kuma kada a manta da makunnin fitila da soket ko da ba su aiki, domin bango marar su yana tona kansa.

Yaya ake neman aron gida ba tare da an ɓata da mutane ba?

A je wurin mai gida da kansa, ba ɗansa da ke sha'awar fitowa a fim ba, kuma a tafi da wani babba da yake jin nauyinsa. A gaya masa gaskiyar labarin, da yawan mutanen da za su shigo, da kwanakin da za a yi. Idan a unguwa za a yi ɗauka a waje, a sanar da mai unguwa, a ƙauye kuma a fara da gaisuwa wurin hakimi ko dagaci. Gida mai matan aure ba a shigarsa da tarin samari. A nemi mace a cikin ma'aikata ta zama ita ce mai shiga tsakar gida ta shirya kaya, a kuma tsayar da lokacin da maza za su shigo don matan gidan su kimtsa. A dakata da aiki lokacin salla. Jihohinmu suna bin tsarin shari'a tun bayan da Zamfara ta ƙaddamar da shi a Oktoban 1999 sauran suka biyo baya, kuma ko ba don hukuma ba, mutumin da ya ba ka ɗakinsa ba zai so ya ga an yi abin da zai sa a nuna gidansa da baki ba.

Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton ɗakin ta kowace kusurwa da waya, domin a mayar da kowane abu mazauninsa.

Duk gidajen da muke samu farin fenti ne da su. Me za mu yi?

Farin bango yana mayar da haske da ƙarfi, sai kyamara ta rage buɗewarta, fuskar ɗan wasa ta yi duhu. Idan mai gida ya yarda, a shafe bangon da kyamara za ta kalla da fenti mai ruwa marar sheƙi, ruwan ƙasa ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, da alƙawarin mayar masa da farinsa bayan an gama. Idan bai yarda ba, a janye 'yan wasa daga jikin bango da kamar taku uku, a karya farin da labule ko kabad ko darduma da aka rataya. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera kujeru a jikin bango a zaunar da mutane kamar masu jiran likita. A sa wani abu kusa da kyamara, ɗan wasa a tsakiya, ƙofa ko taga a can baya, sai hoton ya yi zurfi.

A guji yadi mai siraran layuka da suka matsu da juna, ko a labule ko a riga, domin yana sa hoto ya riƙa rawa. A kuma lura da madubi da gilashin kabad, saboda sukan nuno mai kyamara da fitilunsa.

Muna son yin fim na zamanin da. Ta yaya za mu kauce wa kuskuren tarihi?

A fara da tsayar da shekara, domin "zamanin da" ba lokaci ɗaya ba ne. Zamanin Kanta, Sarkin Kabi, a ƙarni na 16 daban, zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu a farkon ƙarni na 19 daban, zamanin En'e daban, shekarun 1980 ma daban. Da zarar an tsayar da shekara, sai a bi kayan ɗaya bayan ɗaya ana tambayar ko sun iso a lokacin.

Kuɗi yana cikin abin da ya fi kama masu fim. Naira da kwabo sun fara aiki ne a ranar 1 ga Janairun 1973, kafin nan fam da sule ake kashewa, kafin zuwan Turawa kuma kuɗin wuri. Takardar naira 100 ta fito a 1999, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1000 kuma a 2005, sannan aka sauya launin manyan ukun a ƙarshen 2022. Ƙananan takardun leda ba su zo ba sai daga 2007. Motoci a Nijeriya suna bin hannun hagu ne har zuwa Afrilun 1972. Wayar salula ta GSM ta shigo a 2001. Jihar Kebbi kanta an ƙirƙire ta ne a 1991, Zamfara a 1996, saboda haka allon ofis ko lambar mota mai ɗauke da sunansu ba su da wuri a labarin 1985. A lokacin duk Jihar Sakkwato ce.

Ɗakin amarya ma yana da tarihinsa. Akwai lokacin jeren ƙorai da tasoshi, aka zo lokacin kwalla da langa da gadon ƙarfe mai rumfa, daga baya kabad mai gilashi da tangaran suka karɓe wurin. Wanda zai gaya maka wanne ya dace da shekarar labarinka ba littafi ba ne, tsohuwar da aka yi wa jere a wannan shekara ce, kuma sau da yawa za ka tarar sauran kayan suna nan ƙarƙashin gadonta. Don ganin makamai da tambura da kayan sarauta na ainihi, a ziyarci Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda fadar sarki ce har zuwa 1942 kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1958. Ba za a ba ka aron kayan ba, amma za ka gan su da idonka, ka kai wa maƙeri da baduku bayanin abin da za su ƙera.

Na taɓa yin kwana uku ina shirya tsakar gida ta shekarun 1960, na kwashe bokitan roba, na rufe wayar lantarki da zana, na shafe bulon siminti da jar ƙasa. Sai a wurin tace hoto muka hango ledar ruwan sha da wani ma'aikaci ya jefar bayan turmi, tana ƙyalli a tsakiyar fitowar da jaruma ke kuka. Tun daga ranar nake sa mutum ɗaya ya leƙa ta allon kyamara ya bi kusurwa huɗu da ido kafin darakta ya ba da umarnin farawa.

Sabon kaya yana bayyana a hoto. Yaya ake tsufar da shi?

Sabon yadi a wanke shi sau da yawa, a jiƙa shi a ruwan ganyen shayi mai kauri, a shanya a rana. Sabon katako a goge gefunansa da samfefa, wato takardar goge katako, a wuraren da hannu ke yawan taɓawa, a shafa masa man takalmi ruwan ƙasa. Sabuwar tukunya a ɗora ta a murhu ta sha hayaƙi. Bango kuwa a tuna cewa datti ba ya zama ko'ina daidai: yana taruwa ne a kusa da makunni, da inda kai ke jingina, da ƙasan taga inda ruwa ke gangarowa. Hanya mafi arha ita ce musaya, wato ka sayi sabuwar tabarma ka kai wa mai tsohuwa, shi ya yi murna kai ma ka samu abin da kake so.

Muna da fitowar masunta. Za mu iya jiran bikin kamun kifi na Argungu mu ɗauka a can?

Bikin, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba kowace shekara ake yinsa ba, kuma ranar da ake yinsa ba ka da iko da taron ko da hayaniyarsa. Abin da zai yiwu shi ne a ɗauki hotuna masu faɗi na taron idan an samu izini, sannan a ɗauki 'yan wasa a wata rana daban a bakin ruwa da mutum goma ko sha biyar, kyamara tana kusa da su don kada a ga ƙarancinsu. A ari homa da gora daga masunta na gaske, a kuma roƙi ɗayansu ya tsaya ya nuna yadda ake riƙe su, domin Bakabe da ya ga an riƙe homa a karkace ba zai ƙara yarda da sauran fim ɗin ba. Shiga ruwan kuma sai da sanin Sarkin Ruwa da masu iyo a kusa.

Me ya sa ɗaki ke sauya kama tsakanin fitowa da fitowa alhali wuri ɗaya ne?

Domin ba a jere ake ɗaukar fim ba, kuma mutanen gidan suna ci gaba da rayuwarsu bayan kun tafi. Maganinsa shi ne hoto da rubutu: a ƙarshen kowace fitowa a ɗauki hoton tebur da gado da bango, a rubuta yawan shayin da ya rage a kofi da lokacin da agogon bango ya nuna. Agogon ma gara a cire masa batir. A yi wa ƙafafun kujeru alama a ƙasa da alli ko salatif.

A waje kuma yanayi ne ke yin wannan ɓarna. Hazon hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana dusashe sararin sama ya lulluɓe kaya da ƙura cikin sa'a guda, bazara tana busar da komai, damina kuma tana mayar da fili kore cikin mako biyu. Wanda ya fara ɗauka a Mayu ya tsaya neman kuɗi ya dawo a Agusta zai tarar gonar da jaruminsa ya tsaya a cikinta ta zama wata duniya. A gama duk fitowar waje a zango ɗaya, a bar na cikin ɗaki su jira.

Shin kayan ɗaki suna da alaƙa da sauti da haske?

Ƙwarai kuwa. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana amsa kuwwa, kuma kafet da labule da katifar da aka jingina a bayan kyamara suna shanye wannan amo fiye da yadda kwamfuta za ta iya gyarawa daga baya. Rufin kwano marar silin yana ƙara idan rana ta buɗe, ga kuma zafi. Firiji da fanka a kashe su lokacin ɗauka, janareta kuma a kai shi nesa da doguwar waya.

Fitilar da ake gani a cikin hoto, ko ta ƙwai ce ko aci-balbal ko ta caji, aikin mai ƙawata wuri ce, kuma ita ke ba mai kallo dalilin hasken da yake gani a fuskar ɗan wasa. Wasu ƙwayayen lantarki masu arha suna sa hoto ya riƙa ƙiftawa, don haka a gwada kowanne a gaban kyamara tun kafin ranar aiki. Da yake lantarkinmu mai bugu 50 ne a daƙiƙa, ɗauka a kan hoto 25 a daƙiƙa takan rage wannan matsala. Idan kuma da wuta mai harshe za a yi aiki kusa da zana ko bukkar kara, a ajiye bokitin ruwa da yashi a hannun mutum ɗaya da ba shi da wani aikin sai wannan.

Labarinmu ya shafi 'yan bindiga. Yaya za mu yi da bindigogi da kakin jami'an tsaro?

Wannan ba wurin dabara ba ne. A halin da Zamfara da wasu sassan Kebbi suke ciki, samari da rawani da abin da ya yi kama da bindiga a bakin daji suna iya jawo harbi daga jami'an tsaro ko 'yan sa-kai kafin a tsaya jin bayani, kuma suna iya tayar da gari guda da gudu. A rubuta wa rundunar 'yan sanda takarda, a samu amincewarsu a rubuce, a nemi jami'i ya kasance a wurin, a sanar da shugabannin unguwa, a kuma yi ɗaukar a cikin fili mai katanga kusa da gari. Bindigogin su zama na katako ko roba, a kulle su a akwati, mutum ɗaya ke fito da su yana ƙirgawa yana mayarwa. Sanya kakin soja ko na ɗan sanda ba tare da izini ba, laifi ne a doka, kuma tayar da jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma yana buƙatar izinin hukuma.

A ganina, fim ɗin da ya nuna gidan da aka gudu aka bari, tukunya tana kan murhu, takalmin yaro ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, rumbu a buɗe, ya fi isar da zafin abin fiye da wanda ya tara mutum ashirin da bindigogin katako, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba.

Batun kuɗin da za a nuna a fim ma yana buƙatar kiyayewa. Kada a buga hoton naira a injin gurza takarda, domin doka tana ɗaukarsa jabu. A yanka farar takarda daidai girman kuɗi, a sa takardar gaske ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a ɗaure da roba.

Za mu nuna makarantar allo. Akwai abin kiyayewa?

Akwai. Allo mai ɗauke da aya da takardun Alƙur'ani ba kayan ƙawa ba ne da za a jibge a bayan mota tare da takalma ko a bari a ƙasa ana tsallakawa. A ari alluna da gafaka da tawada daga malami, a bar almajirinsa ya kawo su ya kuma mayar da su, ko a yi amfani da allunan da aka wanke idan kyamara ba za ta matso kusa ba.

Tambarin kamfani da hotunan mutane da ke cikin gidan aro fa?

A juya kwalba ko kwali ta yadda sunan ba zai fito ba, sai fa idan kamfanin ya biya kuɗin talla. Hotunan iyalan mai gida da takardun shaidarsu a sauke su, fostocin 'yan siyasa ma haka, a rataya waɗanda aka shirya don labarin. Lambar waya da za ta fito a allon shago ko a takarda ta zama ta ɗaya daga cikin ma'aikata da ya amince.

A ina ake koyon wannan aiki?

Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Fim ta Nijeriya, tana koyar da fannonin shirya fim. Wanda bai samu zuwa can ba, ya nemi bin wani ƙwararre a lokeshan ko da dakon kaya ne, ya kuma zauna da magina da kafintoci da teloli, domin rabin sana'ar a hannunsu take. Yana da amfani mutum ya riƙa tsayar da fim a tsakiyar kallo yana ƙirga abin da ke cikin hoton, yana tambayar kansa dalilin ajiye kowanne.

Bayan an gama ɗauka, yaya za a yi da kayan?

Duk abin da aka aro ya kasance a rubuce tun ranar karɓa, da sunan mai shi da halin da yake ciki, an kuma manna masa alama a ƙasa inda kyamara ba ta gani. A mayar da shi cikin kwana biyu, a wanke, kuma wanda ya karɓo shi ne zai mayar. Idan wani abu ya fashe, a faɗa kafin mai shi ya gano, a kuma biya. Kwallar da tsohuwa ta ajiye shekara arba'in ba ta da madadi a kasuwa, don haka irin wannan kaya a ajiye shi can baya inda ba mai taɓawa, a sayi na kasuwa don abin da ɗan wasa zai ɗauka ko ya jefar. A cika alƙawarin fenti, a cire ƙusoshi a toshe ramukansu, a share tsakar gida.

Abin da aka saya ko aka ƙera kuma, kamar falankan bango, labulaye, fitilu da bindigogin katako, a samu ɗaki ɗaya marar yoyo a tara su, a ɗaga katako daga ƙasa saboda gara, a rubuta jerinsu a manna a bayan ƙofa. Bangon da ya zama ofishin 'yan sanda a wannan fim, da fenti galan ɗaya zai zama ɗakin asibiti a na gaba, kuma sauran masu fim na gari za su iya karɓar hayarsa.